Koriyar Motar Ra'uf

Sansanin mai, kudu da Burega
Oktoba, 1994

Yaya Lutfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Najat da yara. Yaya gwiwar nan taka? 'Yar'uwata Wasila ta rubuto mini cewa har yanzu sai ka dafa bango kake fitowa daga ramin gareji. Ni lafiyata ƙalau, sai idona na hagu da yashi ya matsa wa, likitan sansani ya ba ni maganin ɗigawa. Don Allah ka leƙa mini Umma. Kar ka yarda da "lafiya lau" ɗinta, ka duba ƙafafun da idonka ko sun kumbura.

Wata magana ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna koriyar motar Yaya Ra'uf, 'yar Italiyan nan mai kujera biyu, wadda Baba ya sayar wa Dakta Ayyadi, likitan haƙori na Susa, bayan rasuwar Ra'uf? Wani mutumin Susa da muke aiki tare ya dawo daga hutu, ya ce ya gan ta a ƙofar asibitin Dakta da takarda manne a gilashi, ta sayarwa ce. Na tambaye shi launin kujerun, ya ce ruwan ƙasa. Ita ce, Yaya.

Ina sakandare aka sayar da ita, ba wanda ya tambaye ni. Na dawo daga makaranta na tarar da wurinta wayam, sai ɗigon baƙin mai a kan siminti. Yanzu ga Baba ma ya bi Ra'uf. Shekara bakwai ina cikin hamadar nan ban sai wa kaina komai ba sai agogo. Ina so in dawo da motar gida.

Sai dai mutumin ya ce ya ji ana cewa ba ta riƙe hanya, wai yawo take a kan titi kamar kwalekwale. Ni bututu da famfo na sani, ban san ƙafar mota ba. Kai kuwa, ɗan baffana, ba wanda ya san cikinta kamarka, a hannunka Ra'uf yake barinta. Ka daure ka je Susa, ka tuƙa ta, ka shiga ƙarƙashinta. In ciwon mai magani ne, ka riƙe mini ita, kuɗin zai zo ta hannun Wasila. In kuma ta gama yawo, ka faɗa mini, zan haƙura. Abin da ka ce shi ne.

Kar ka faɗa wa Umma tukuna.

Wayar sansani ta sake mutuwa, saboda haka ka ba Si Hammadi direba amsar, shi ke kawo mana kaya. Na ba shi ganyen shayi ya kai wa Najat.

Ƙanenka,
Munsif


Safakus
Nuwamba, 1994

Ƙanena Munsif,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, in hadari ya taso ita ke fara sanar da ni kafin rediyo. Najat na godiya da shayi, ta ce ka daina sayen mai arha. Na je na ga Inna, Umman taka. Ƙafar dama ta ɗan tasa amma tana takawa, har ta tsare ni sai da na cinye kwanon kuskus da kifi. Ka riƙa rufe idon nan da tabarau, kar ka dawo mana da ɗaya.

Ranar Lahadi na je Susa. Dakta ya tsufa, amma bakin yana nan. Kafin ya ba ni mabuɗi sai da ya ce in buɗe baki, ya leƙa, ya ce haƙorana sun fi motar bukatar gyara. Na ce masa aƙalla su ba na sayarwa ba ne.

Na buɗe motar na zauna a ciki. Fentin ya koɗe, amma warin fatar kujerun bai canza ba. Murɗa ɗaya ta tashi. Injin ba shi da laifi, giya na shiga sumul.

Matsalar a hanya take. Na bi titin Munastir da ita. A hankali, ba ka jin komai. Da ka ɗan taka ta, sai sitiyari ya yi sakwaf a hannu. Ka juya shi kamar faɗin yatsa biyu kafin tayoyin su san an yi musu magana. Babbar mota ta wuce ni, iskarta kawai ta ture ni gefe. Inda kwalta ta yi kwari, sai ta bi kwarin, ba inda ka nufa ba. Na taka birki ta ja hagu. A kwana kuwa, gaba ya shiga, baya ya tsaya shawara, sannan ya biyo da wutsiya. 

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Iskar tayoyin kowace da tata, na daidaita su, na sake fita. Ta ɗan natsu amma ba ta warke ba. Tayoyin gaba sun cinye ta ciki, na bayan kuma ba uwarsu ɗaya ba. Na danna kowace kusurwa da nauyina na saki: gaba ya tashi ya tsaya, baya ya yi ta rawa kamar gadon sufirin. Shokozoban baya sun mutu, har mai suke zubarwa.

Daga nan na kai ta garejin wani abokina, muka ɗaga ta. Na kama tayar gaba ta hagu na girgiza ta gefe da gefe, tana ƙwas ƙwas. Kan sandar da ke haɗa sitiyari da taya ya cinye. Robobin ƙafafun duk sun tsattsage kamar dugadugan manomi.

Sai na haska fitila ta baya, wajen dama. Akwai walda a wurin, an shafe ta da baƙin fenti wanda ya fi sauran ƙarƙashin motar sabunta. Na tambayi Dakta, ya yi ta gyaran tabarau, daga baya ya ce ɗansa ya taɓa hawa shataletale da ita a daren wani biki, amma ba wani abu ba ne. Kowane mai sayarwa haka yake cewa.

Ga maganata. Roba da sanda da shokozoba duk ana saye. Ƙashin bayanta kuwa, wato ƙarfen da duk motar ke zaune a kai, ba zan dafa Alƙur'ani in rantse maka a kansa ba. In ƙashin mota ya karkace, ko ƙafafu huɗu sababbi ka zuba mata a karkace za ta yi ta tafiya, har ranar da za ta kai wani lahira. Da ɗana ne ya tambaye ni, sai in ce ya bar guminsa a aljihunsa.

An fara tsinkar zaitun, zan yi ta zirga-zirga tsakanin gona da gareji. In ka ji ni shiru, shi ne.

Yayanka,
Lutfi


Sansanin mai
Disamba, 1994

Yaya Lutfi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aikin zaitun, Allah ya sa albarka a amfanin bana. Na ji daɗin labarin Umma. Idona ya washe. Sanyi ne ya sauko mana, da asuba ruwan alwala kamar reza.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta a tsaye a bakin motar Si Hammadi, na sake karantawa a ɗaki. Na gane. Ƙashin ya karkace, ka dai tausaya mini ne ba ka faɗa kai tsaye ba. Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba, har abokin ɗakina ya ɗauka mutuwa aka yi mini. Ban san yadda zan gaya masa cewa kusan hakan ne ba.

Na haƙura. Ka gaya wa Dakta na janye. Da na saye ta a makance na ɗauki wani nawa a ciki, wani abu ya faru, da ban san inda zan sa kaina ba. Allah ya saka maka da alheri, ka ɓata Lahadinka da gwiwarka saboda ni. Da wani na aika, da ya karɓi na goro a wurin Dakta ya ce mini lafiyarta lau.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka ji wanda ya saye ta, ka gaya masa maganar waldar nan, ko da bai tambaya ba. Ba na so motar Ra'uf ta ɗauki ran ɗan wani.

Ƙanenka,
Munsif


Sansanin mai
Watan azumi

Lutfi,

Assalamu alaikum. Ina fata azumi na zuwa da sauƙi, kuma gwiwar ta bar ka ka yi tarawihi. Ni ina nan. Lafiyar jiki akwai.

Tun Disamba ban ga rubutunka ba. Na ce zaitun ne. Da zaitun ya ƙare na ce azumi ne. Jiya Si Hammadi ya iso dab da magariba, muka tsare shi ya sha ruwa da mu. Yana cikin shan romon shurba sai ya dube ni yana dariya, ya ce ashe mu 'yan gidanmu manya ne ba mu faɗa. Na ce me aka yi? Ya ce ai ɗan baffana, wato kai, ya wuce shi a hanyar Mahadiyya cikin wata koriyar mota mai kujera biyu, kamar an harbo ta daga bindiga.

Na ce ya yi kuskure, ko dai gwada ta kake wa wani.

Ya ce, "Wane gwaji? Kullum tana ƙofar garejinsa an lulluɓe ta da bargo kamar amarya. Na ce ya sayar mini, ya ce ko da gidana na haɗa ba zai bayar ba."

Na tambaye shi ko ya lura da yadda take tafiya, ko tana karkata. Ya ce shekara talatin yana kan titi, bai taɓa ganin mota ta sha kwanar nan ta wajen gidan man zaitun a miƙe kamar ita ba. Mutane suna ta dariya suna taya ni murna. Na ajiye cokali na fita waje, na tsaya a bayan tankin ruwa har aka kira isha.

Ban yarda ba tukuna. Si Hammadi mutum ne mai ƙarin gishiri, kuma koriyar mota ba ɗaya ba ce a duniya. Shi ya sa nake tambayarka, ba Wasila ba, ba kowa ba. Motar da ke ƙofar garejinka ta Ra'uf ce? In ita ce, ina ƙashin da ya karkace? Wa ka saya wa?

Na ce maka abin da ka ce shi ne. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki haka ba.

Si Hammadi zai juya jibi. Na ce masa kar ya baro Safakus sai da amsarka a hannu, ko zai kwana a ƙofar gidanka.

Munsif


Safakus
Bayan ƙaramar salla

Ƙanena Munsif,

Wa'alaikumus salam, barka da salla, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yarmu da ta yi fama da tari, ta samu sauƙi. Inna ta yi azuminta duka bana, ba ta sha ko ɗaya ba. Si Hammadi ya cika aikinsa, ya zauna mini a gareji ya shanye shayin mako guda.

Ita ce. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kuma da niyyar in rubuto maka nake, kullum sai in ce gobe.

Amma ka ɗauko wasiƙata ka sake dubawa. Ina na ce ƙashin ya karkace? Cewa na yi ba zan rantse a kansa ba. Kai ka karanta abin da ban rubuta ba, ka aiko cewa ka janye. Dakta kuma yana da mai saye daga Tunis, wani yaro mai gidan rawa da ke son ya yi mata jan fenti. In zuba ido motar Ra'uf ta tafi can? Na ga gara ta zauna a cikin dangi.

Akwai kuma abin da ban so in faɗa maka ba, amma ka matsa. Ranar da na je duba ƙafar Inna, kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Me Munsif ya ba ka ka ɓoye mini?" Ka san ta. Ban kai ƙofa ba sai da ta tatse ni. Da ta gama ji, sai ta ce:

"Na binne ɗaya yana zancen motar nan a gadon asibiti. Ɗayan yana can yana tsufa a cikin yashi, ba mata ba ɗa, zai kwashe abin da ya tara ya sayi ƙarfe. Ka kashe maganar nan, Lutfi, ko da ƙarya ce."

To ni ban yi ƙarya ba. Duk abin da na rubuta maka na gani da idona. Waldar tana nan, in ka zo zan nuna maka. Sai dai ashe a kan wani ɗan ƙarfe take wanda ke riƙe da salansa, ba ta taɓa ƙashin ba. Na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama duk tsawonsu ɗaya.

Kuma Munsif, ka yi mini adalci. Kai kana yaro lokacin. Ni ne na kwana a ƙarƙashin motar nan tare da Ra'uf, ni na sauke injinta na mayar. Ranar da aka sayar da ita ni na tuƙa ta zuwa Susa da hannuna, na dawo a motar haya ina kallon taga don kar a ga fuskata. Ba kai kaɗai ka yi rashi ba.

Da za ka gan ta yanzu, da fushin ya ragu. Robobi da sandunan da na aika a sayo mini daga Marsiliya, can ƙetare, tun washegarin dawowata daga Susa sun iso ƙarshen Disamba. Na zuba mata shokozoba, na sa tayoyi huɗu iri ɗaya, na yi mata saiti. Yanzu da yatsa ɗaya za ka riƙe ta. Ka zo hutu ka tuƙa ta iya son ranka, ai gida ɗaya ne.

Yayanka,
Lutfi


Sansanin mai
Afrilu, 1995

Lutfi,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Ni ma lafiya.

Ka ce in sake duba wasiƙarka. Na duba. Gaskiyarka, ba ka ce ya karkace ba. Ka gina maganar ne yadda duk mai hankali zai faɗa ramin da kansa, kai kuma hannunka fes. Na rubuto maka cewa na gane ƙashin ya karkace, na yi maka godiya, na sa maka albarka. Ka karanta wannan, ka san na fahimce ka a karkace, ka ninke takardar ka yi shiru wata uku. Layi ɗaya ya isa: Munsif, ba haka nake nufi ba.

Sai kuma sabuwar wasiƙar taka. Ka ce don na janye ne ka saya. Amma da bakinka ka ce washegarin dawowarka daga Susa ka aika Marsiliya a sayo kayan gyara. A ranar ko wasiƙarka ta farko ba ta bar Safakus ba, balle tawa ta janyewa. Wa ke sayen robobin motar da ba tasa ba? Zaren nan kuma da ka ja, yaushe ka ja shi? Tun ina yaro na san ba ka shiga ƙarƙashin mota ba zare a aljihunka. A garejin abokinka ka auna, ranar Lahadin nan, ka ga lafiyarta lau, sannan ka zo gida ka zauna ka rubuta mini zancen Alƙur'ani da lahira.

Maganar Umma ta fi yi mini ciwo, amma ita uwa ce, tsoro ne ya sa ta. Kuma cewa ta yi ka kashe maganar, ba ta ce ka kawo motar ka ajiye a unguwarta ba. Wasila ta rubuto cewa ranar da Umma ta fara jin ƙarar injin a layinmu, tana yanka albasa, sai ta saki wuƙar ta nufi ƙofa ba mayafi. Wannan ba ka ba ni labarinsa ba.

Na yarda ka yi rashin Ra'uf. Da ka ce mini, Munsif, ni ma ina son ta, da mun zauna mun yi magana kamar 'yan'uwa. Wataƙila ma in bar maka, wallahi ban sani ba. Ba ka ba ni damar in sani ba.

Kana gayyatata in tuƙa motar yayana aro. Na gode.

Munsif


Safakus
Mayu, 1995

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu dai ga mu nan. Gwiwar ta kwantar da ni kwana biyu. Najat ta daina yi mini magana sai ta dole tun da ta ji abin da ke tsakaninmu, ta ce na ci amanar shayin da ka aiko mata. Inna lafiya, mun sai mata ragon layya, Wasila ta zaɓa.

Na karanta wasiƙarka. Ba ni da abin cewa a kan zare. Da na tuƙa ta a titin Munastir, ko da take yawo a hannuna, na ji ba zan iya miƙa wa wani mabuɗin ba, ko kai ne. Maganar Inna ta zo mini a daidai, na fake a bayanta. Iyakar abin ke nan.

Ina so in gyara. Ga mabuɗi ɗaya a cikin ambulan, ɗayan yana wurina saboda in riƙa tayar da ita kar batir ya mutu. In ka zo, mu je a juya takardu da sunanka. Abin da na ba Dakta kawai za ka ba ni, kayan Marsiliya da aikina kyauta ne.

Kuma ga labarin da zai sanyaya maka rai. Inna ta sauko. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gidan da motar, na ce mata in tana so in kai ta maƙabarta ta ziyarci Ra'uf da Baffa, mahaifinku, kafin salla. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta shiga ɗaki ta sako farin mayafinta. Da ƙyar ta sunkuya ta shiga, ka san yadda motar take a ƙasa, sai da Wasila ta tallafa mata. Muna tafiya ta riƙa shafa fatar kujerar. Ta ce ashe haka cikinta yake. Wai duk shekarun nan Ra'uf yana roƙonta ta shiga ya zaga da ita bakin teku, tana cewa sai wani lokaci, har ya kwanta. Ban taɓa sanin ba ta taɓa shiga ba.

Da muka fito daga maƙabarta ta ce in bi ta bakin teku. Na bi a hankali. Ta sa na sauke gilashi. Ba ta yi kuka ba, har ta ce in ɗan ƙara gudu.

Ka ga ke nan ba sauran abin da zai hana. Ka zo salla, ƙanena. Jini ba ya zama ruwa saboda mota.

Yayanka,
Lutfi


Sansanin mai
Mayu, 1995

Lutfi,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Ka gaida Najat, ka ce mata kar ta ɗora wa kanta, ba ruwanta. Ni lafiya.

Kai ba ka san Umma ba ta taɓa shiga motar ba. Ni na sani. Ina tsaye a bakin gadon Ra'uf a asibiti, kwana kaɗan kafin ya cika, Umma ta fita ɗebo ruwa, ya ce mini, "Tsohuwar nan ta ƙi shiga motata. In ka yi lasin, ka kai ta bakin teku, ko tana zagi." Yana dariya ya faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba don in yi tsere a hanyar Mahadiyya nake son motar ba. Tafiyar nan ɗaya nake so, daga ƙofar gidanmu zuwa bakin teku, ni a sitiyari ita a gefena.

Na san ba da mugunta ka kai ta ba, ka ɗauka alheri kake yi mini. Na kuma ji daɗi da ta je, da ta sa aka sauke gilashi. Jiya bayan an tashi aiki na zauna ina ta ƙoƙarin ganin fuskarta a lokacin da ta ce a ƙara gudu. Ban iya ba. Kai ka gani.

Motar ana iya juya takardunta. Wannan ba a juyawa.

Ka riƙe ta, ka biya kuɗinta, taka ce. In Umma ta sake cewa a kai ta, ka kai ta, kar ka hana ta saboda ni. Ba zan zo salla ba, na karɓi aikin wani da matarsa ta haihu. Saƙon Umma daga yanzu zai riƙa bi ta hannun Wasila, ba sai ka wahalar da gwiwarka ba.

Ban yanke zumunci ba. In mun haɗu a biki ko a makoki zan gaishe ka, zan kira ka Yaya a gaban mutane. Amma kar ka ƙara rubuto mini.

Mabuɗin yana cikin ambulan. Na ce wa Si Hammadi ya damƙa maka hannu da hannu.

Munsif